Fuskar da ke Allon Masu Aski

In ka bi layin masu walda, ka wuce mai faci, za ka ga wata rumfar kwano da ta karkace kamar hular mai gyangyaɗi. Nan Mai Zane yake zama. Haka kowa ke kiransa, har matarsa in ranta ya ɓaci. In babu ɓacin rai, Malam take cewa. Ɗan gajeren mutum ne mai furfura a gemu, yatsunsa kuwa ba a taɓa ganinsu launi ɗaya ba. Allunan shaguna yake yi: na mai gyaran waya, na mai wanki da guga, na mai sayar da magani. Amma wanda ya fi yi shi ne allon masu aski, irin wanda ake jera kawuna huɗu ko biyar, kowanne da salon askinsa, mai zuwa ya nuna da yatsa ya ce, "Irin wannan za ka yi mini."

Maganar gaskiya, a da kawunan nan nasa ba abin a zo a gani ba ne. Kamar dai a ɗauki kankana a liƙa mata ido da hanci. Maƙwabcinsa mai walda, wanda ke yi wa allunan bakin ƙarfe, ya sha ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "Mai Zane, wannan kan mutum ne ko tulu?"

"Kan kakanka ne. Ɗauki ka yi aikinka."

Haka suka shekara da shekaru, ana ci ana sha, ba yabo ba fallasa.

Ɗansa namiji ɗaya ne a cikin 'ya'ya mata. 'Yan'uwansa suka sa masa Wushirya saboda giɓin da ke tsakanin haƙoransa na gaba, sunan kuma ya bi shi har ya zama saurayi. Yana da tabo da ya raba girarsa biyu, tun yana ƙarami ya faɗa kan gwangwanin fenti a rumfar ubansa. Ya koyi aikin wutar lantarki, hannunsa ya faɗa, amma aiki ya ƙi samuwa. Wata safiya ya rataya jaka ya ce zai tafi wani babban birni mai nisa, inda aka ce ana ta gine-gine. Uwarsa ta raka shi tasha. Ubansa bai je ba, yana da allon da za a zo karɓa da azahar. Yaron ya kira sau biyu da wayar aro, ya ce yana lafiya. Daga nan shiru, kamar an jefa dutse a rijiya. Shekaru sun fi biyar yanzu.

Uwar yaron tela ce, a barandar gida take ɗinki. Babu inda ba ta taka ba wajen nemansa: ofishin 'yan sanda, asibitoci, gidan yari. Wata rana aka kira su ɗakin ajiye gawa su duba wani saurayi. Ba shi ba ne. Amma tana fitowa ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa, jininta ya hau, ɓarin jikinta na hagu ya saki. Da ƙyar aka samo ta, har yau ƙafar nan jan ta take yi. Likita ya ja Mai Zane gefe ya ce, "Baba, wannan karon an yi sa'a. Kada a bari wani labari ya sake girgiza ta haka. Na biyun ba ya zuwa da sauƙi."

Da ta miƙe, sai ta cire hoton yaron daga bango, shi kaɗai ke nan a gidan, ta naɗe shi a leda ta sa a jaka. Duk mako tana zuwa tasha, tana bin direbobin manyan motoci ɗaya bayan ɗaya. "Don Allah ɗana, ko ka taɓa ganin wannan a hanya?"

Shi kuwa Mai Zane bai taɓa bin ta ba. Ko sunan yaron ba ya kamawa. In ta fara maganar, sai ya tashi ya ce zai duba ko an kawo wuta. Har ta taɓa ce masa, "Kai dai fenti ya bushe a kan zuciyarka." Akwai mutanen da kuka ba ya fito musu ta ido, to yana cikinsu.

Wata safiya yana zaune gaban farin falanki, wani mai aski daga wani gari ya aiko a yi masa allo. Yana kaɗa fenti, sai kawai ya tambayi kansa: tabon nan a girar dama yake ko ta hagu? Ya tsaya. Ya rufe ido ya nemo fuskar, sai ta zo masa kamar hoton da ruwa ya taɓa. Ashe haka ake rasa ɗa sau biyu? Hoto yana jakar uwar, shi kuma ba shi da bakin ce mata ta ara masa. Ya ɗauki siririn burushi, ya fara daga girar. Hannun ya tuna abin da kan ya manta. Hagu ce.

Bai ɗaga kai ba sai da rana ta take. Mai walda ya shigo da abin awo a hannu, ya ɗaga gilashi zai yi tsiyar da ya saba, sai bakinsa ya tsaya a buɗe. Kawuna huɗu ne a falankin. Ɗaya ƙwal-kwabo, ɗaya saisaye, ɗaya da tsaga a gefe, ɗaya an bar sumar sama. Duk mutum ɗaya ne, kuma yana kallonka kamar yanzu zai gaishe ka.

"Mai Zane, wannan ai..."

"Salon aski ne. Auna ka fita."

Mai walda ya auna, ya fita, bai yi dariya ba ranar nan.

To allon nan shi ya buɗe ƙofa. Wanda ya gani a garin da aka kai shi sai ya tambaya wa ya yi. Direbobi suka riƙa kawo saƙo, suna ɗora alluna a saman kaya, suna sauke su a garuruwan da shi Mai Zane bai taɓa takawa ba. Hannunsa ya canza baki ɗaya. Ya koyi haɗa launin fata kala-kala, ya koyi sa ɗigon fari a ido ya zama mai rai, ya koyi inuwar da ke ƙarƙashin kunci. Kuma bai bar yaron a yadda ya tafi ba. Duk shekara sai ya ƙara masa shekara. Wani lokaci ya zana shi a rame, in ya kwana da tunanin ko yana cin abinci. Wani lokaci ya cika masa kumatu, ya ce wataƙila ya yi aure. A 'yan watannin nan ya fara sa masa ɗan gemu. A rumfar nan kaɗai yake hira da ɗansa, da ja da ruwan ƙasa da kananzir.

Doka ɗaya ya kafa wa kansa: fuskar nan ba ta zama a garinsu. Masu askin unguwa in sun zo, wasu fuskoki yake yi musu, suna ta mita cewa na baƙi ya fi kyau. Ya san hanyoyin da matarsa ke bi, ya san abin da likita ya ce.

Mai walda ya taɓa ce masa, "Abin da kake ɗorawa a mota yana tafiya, wata rana a mota zai dawo maka."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

Sai ga shi a bara abubuwa sun fara sauyawa a tasha. Direbobin da a da ke kallon hoton su girgiza kai, yanzu sai wani ya riƙe shi ya daɗe. "Mama, kamar na san fuskar nan." Wani ya ce, "Wallahi na taɓa ganinsa, amma a ina ne?" Ta riƙa dawowa gida da haske a ido, tana cin abinci, har tana waƙa a kan keke. "Malam, yau mutum biyu suka ce sun san shi. Yaron nan yana raye." Mai Zane ya ce, "Allah ya sa." Wani abu ya ɗarsu a ransa, ya yi maza ya danne shi, kamar yadda ake danne murfin gwangwani da ƙafa.

Ranar da abin ya fashe, yana tsakiyar wani allo, ya gama kai biyu, fenti ɗanye sharaf. Sai ya ji muryar mai walda daga waje, da ƙarfi fiye da yadda ake gaisuwa: "A'a, maman yara! Yau ke ce a layinmu? Sannu da zuwa, maman yara!"

Ita da ba ta taɓa zuwa rumfar ba tun da ta yi ciwo. Ya sungumi falankin ya rungume shi a ƙirji, ya juya fuskarsa ga bango. Tana shigowa ta gan shi tsaye, gaban rigarsa duk ja da baƙi.

"Kai kuma kokawa kake yi da aikin?"

"Zamewa ya yi. Lafiya?"

"Lafiya lau, har da alheri. Shigo, ɗana, shigo ka faɗa masa da bakinka."

Wani direban tirela ne ya sunkuyo ya shigo, ƙato, da tawul a wuya. Ya gaishe da Mai Zane da ladabi, ya zauna a kan benci.

"Baba, ni ba na son in ɗaga wa mutum hankali a banza. Amma Mama tana nuna mini hoton nan na ce na san shi. Ba gani ɗaya ba, ba biyu ba. A garin da muke sauke siminti, a bakin tashar."

"Ka yi magana da shi?" Mai Zane ya tambaye shi.

"To, magana dai ba na ce ba. Ka san mu, a gajiye muke isa. Amma duk na shiga tashar sai na gan shi, wajen shagon mai aski, yana kallon titi. Mutum mai fara'a, da giɓi a haƙori, da tabo a gira. Sai dai yanzu ya ajiye ɗan gemu, ba kamar a hoton ba. Da tsaga a nan gefe."

"Ka ji ko? Gemu!" Matar ta dafa ƙirji tana dariya, hawaye na zuba. "Ja'irin yaro, har da gemu."

Mai Zane ya nemi bakin tebur ya riƙe. Ya san allon. Wata uku ke nan da ya ɗora shi a mota, kawuna biyar, na tsakiyar da gemu da tsaga a hagu. Direban ba ƙarya yake yi ba. Ido ya gani, kai ya ajiye, sai dai ya manta cewa a kan katako ya gani.

"Gobe motar safe za mu bi," in ji ta. "In ba za ka je ba, ni zan tafi."

Bayan sun fita, mai walda ya shigo, ya juyo da falankin. Fuskokin biyu sun dame, ido ya koma kunci.

"Ka gaya mata yau."

"In kashe ta da bakina?"

"In ta gani da idonta a bakin tasha, cikin rana, bayan tafiyar yini guda, shi ne ba za ta mutu ba? A gida ko ba komai akwai asibiti kusa. Kira mai askin ya sauke allon."

"Ba ni da lambarsa. Wani direba ne ya kawo saƙon, ban ma san sunansa ba."

"To ka ga. Gaba kura, baya sayaki. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, abokina."

Da la'asar ya koma gida da niyyar faɗa mata gaskiya. Ya tarar da ita a baranda, keke na ta gudu, tana ɗinka riga da wani shuɗin yadi da ta daɗe tana ajiya. Tana ganinsa ta miƙe da abin awo.

"Zo ka tsaya. Faɗin kafaɗarku ɗaya da shi, sai dai ya fi ka tsawo. Ko ya yi ƙiba ne? Na manta ban tambayi direban ba."

Ya tsaya ta auna shi. Yana jin numfashinta a bayan wuyansa.

"Maman yara."

"Ɗaga hannu."

"Idan fa aka je ba shi ba ne?"

Abin awon ya tsaya. Ta zagayo gabansa.

"Giɓin haƙori, tabo a gira, mutum ya ce ya gan shi ba sau ɗaya ba. Me kuma kake so? Ya zo da takardar shaida?"

"Mutane suna kama da juna. Kuma akwai abin da..."

"Mai Zane, tun da yaron nan ya tafi ka taɓa taka ƙafa ka neme shi? Ko tasha ba ka raka shi ba. Yau Allah ya nuna mini hanya, kada ka zuba mini ruwa a wuta. Na roƙe ka."

Ya ga jijiyar gefen goshinta tana harbawa, ya ga hannunta na hagu ya fara wannan 'yar karkarwar. Maganar da ta zo har leɓensa ta koma ciki.

"Kin sha maganinki?"

"Na sha. Ɗaga hannun."

Kafin gari ya waye ya gama shawara da zuciyarsa. Ya zuba baƙin fenti a ƙaramin gwangwani, ya ɗaure shi a leda tare da burushi, ya sa a aljihun riga. A ɗaya aljihun ya sa ƙwayoyin maganinta. Da sun isa, zai zaunar da ita a inuwa ya ce bari ya fara dubawa, ya ruga shagon, ya shafe fuskokin nan kafin ta gani. Mai askin ya yi ta faɗa, zai yi masa sabo. Ita kuma za ta nema ta rasa, ta yi kuka, su dawo. Ta sha irin wannan, ba ta mutu ba.

Tafiya ce mai tsawo, mota cike, rana na dukan kwano. Ita ce ta gefen taga, jaka a cinya, hannu biyu a kai. Ba ta yi barci ba. Tana ta shirya abin da za ta ce. "Ba zan yi masa faɗa a gaban mutane ba. Kai ma kada ka yi. Wataƙila kunya ce ta hana shi kira, ya ga bai samu komai ba." Can kuma ta ce, "In da mata da yara, duk mu kwaso su." Wata mata a kujerar baya ta ji, ta tambaya, kafin a jima rabin motar ya san labarin, ana ta yi musu barka. Wani dattijo ya dafa kafaɗar Mai Zane ya ce, "Kai kuma ka saki fuska mana, kamar wanda za a kai kotu." Motar ta ɗauki dariya. Shi kuwa duk ramin da aka faɗa sai ya ji gwangwanin ya bugi haƙarƙarinsa.

Sun isa rana ta fara karkata. Tashar babba ce, hayaniya ko'ina, masu dako na ta turereniya. Ya hango wani benci a ƙarƙashin bishiya.

"Zauna nan ki huta, in je in duba tukuna."

"In zauna? Na zo har nan in zauna?" Ta saƙala hannunta cikin nasa. Zaman mota ya sandarar mata da ƙafar, nauyinta duk a kansa yake. "Riƙe ni dai."

"To ki sha ruwa, ki bari jikinki ya dawo. Minti kaɗan."

Ba ta ma ji shi ba. Ta riga ta zaro hoton tana nuna wa wata mai sayar da ruwan sanyi. Matar ta kalla ta ce, "Laa, na san shi! Can wajen mai aski, ku bi nan ku karya dama." Wani mai gyaran takalmi ya leƙo, ya ce, "Ƙwarai, kullum yana can." Riƙon da ta yi wa hannun Mai Zane ya ƙara tsanani har yana jin farcenta. Tana jan ƙafa amma ita ke jansa.

Ya hango allon tun daga nesa, a saman ƙofa, ƙarƙashin 'yar rumfa. Ita ba sama take kallo ba. Mutane take kallo. Maza uku na zaune a benci suna jiran layi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Ta leƙa ciki, ta kalli wanda ke kan kujera an lulluɓe shi da ƙyalle, ta kalli madubi. Mai askin, wani matashi mai fara'a, ya kashe injinsa.

"Mama, lafiya? Aski za a yi wa Baba?"

Ta miƙa masa hoton. "Ɗana, an ce wannan yana zama a nan."

Mai Zane ya buɗe baki. Ya so ya yi wa mai askin alama da ido, amma shi hoton yake kallo. Sai ya fashe da dariya.

"Yana zama kuwa, dare da rana, ko haya ba ya biya! Mama, ai ga shi nan a saman kanki."

Ta ja da baya taku biyu, ta ɗaga kai.

Mai Zane ya matsa kusa da ita. Ya sa hannu a bayanta yana jiran nauyinta ya zubo. Bai zubo ba. Ta tsaya ƙyam tana kallon Wushirya biyar a jere. Ba ta tambayi wanda ya zana ba. Mace ba ta shekara talatin tana wanke fenti daga rigar mutum ta kasa gane hannunsa.

"Ku ba ta wuri," in ji ɗaya daga masu jiran layi. Suka tashi. Ta zauna a hankali. Mai Zane ya durƙusa, ya ɓare ƙwaya ya miƙa mata, mai askin ya kawo ruwa a guje, dariyarsa ta ɗauke. Ta haɗiye. Ta daɗe tana numfashi, ido a rufe. Ya zuba wa bakinta ido, yana duba ko ya karkace. Bai karkace ba.

"Tun yaushe?" Ba ta buɗe ido ba.

"An daɗe."

"Guda nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Duk direbobin nan da suka ce sun san shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Jiya da mutumin nan yake magana, ka sani. Ina auna ka, ka sani. Ka bar ni na ɗinka wa katako riga."

"Na ji tsoron abin da likita ya ce."

"Likita!" Ta buɗe ido. "Ni ina yawo da hoto ɗaya a leda kamar mahaukaciya, ana nuna ni a tasha, kai kana can kana raba ɗana ga masu aski. Ka zauna kusa da ni yini guda a mota, ana yi maka barka, kana amsawa."

"Na tashi wata rana na kasa tuna inda tabonsa yake." Hawaye suka zubo masa. "Hoton yana wurinki. Na ce in na manta fuskarsa, shi ke nan ya tafi. Da na fara kuma na kasa dainawa. Ba ni da inda nake ganinsa sai nan."

Dattijo mai furfura na kuka a gaban shagon aski, mutane suka kawar da kai. Mai askin ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, ki yafe mini, ban sani ba. Bari in sauke shi yanzu." Ya jawo kujera zai hau.

"Bar shi."

Ta miƙe, ta matsa kusa, ta bi kawunan ɗaya ɗaya. Ta daɗe a kan na biyu.

"Wa ya ce maka ya rame haka?"

"Babu. Ranar ban yi barci ba ne."

Sai idonta ya sauka a kan aljihunsa, inda baƙin fenti ya ɗiga ya ɓata rigar. Ta miƙa hannu. Ya fito da gwangwanin da burushin. Ta juya su a tafinta, ta gane abin da aka zo yi da su, ta kalle shi wani irin kallo da bai manta ba har yau.

Ta juya ga mai askin. "Mutum nawa ke wucewa ta nan a yini?"

"Ai ba su ƙirguwa, Mama."

"Kuma duk sun san fuskar nan, babu wanda ya san ana nemansa." Ta mayar wa mijinta gwangwanin. "Hau kujerar. Rubuta a ƙasa, manya-manya: wanda ya ga mai wannan fuskar, uwarsa tana nemansa. Ka sa lambata."

Ya hau, mai askin ya riƙe masa kujera. Da ya kai kan kalmar uwarsa ya ɗan dakata ya waiwayo.

"Ka ƙara da ubansa," in ji ta, "in akwai wuri."

Akwai wuri.

Rigar shuɗiya ba ta ba kowa ba, ta dawo da ita a jaka. A motar dawowa ba ta yi masa magana ba, kuma sai da aka yi makonni kafin Malam ya dawo bakinta. Amma ita ce ta zaunar da shi ya tuno garuruwan da allunan suka je, ita ce ta bi direbobi da saƙo. Wasu masu askin sun yarda an rubuta, wasu sun ce allonsu ba na cigiya ba ne. Duk sabon allon da ya fita daga rumfar yanzu da rubutun yake fita, har na cikin gari, dokar nan ta faɗi.

Wushirya bai dawo ba tukuna. Wayar dai tana ƙara, wani lokaci sau da yawa a yini. Yawanci masu tambayar ko an buɗe shago ne, ko nawa ake saisaye. Ba ta taɓa kashe wa ɗayansu waya ba. Takan tsayar da keke ta ce, "A'a ɗana, nan ba wurin aski ba ne. Amma tunda ka kira, kana kusa da allon? To ɗaga kai ka dube shi da kyau. Kai mai yawo ne? Wane gari za ka daga nan?"